Gogen da ake ji a gindin tsamiya nawa ne

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, kuma ka taimaka ka saka wannan yau ɗin nan, kar ka sa ni a layi, domin jibi Juma'a magana za ta ƙare. Don Allah ku ba ni shawara. Sau huɗu ina rubutawa ina gogewa. Sunayen da za ku gani duk na canja su.

Bari in fara da ƙarshen, don kar in ɓata muku lokaci. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a kori wata tsohuwa daga ƙauyenmu a kan laifin da ba ta yi ba. Ni na yi. Babu wanda ya sani sai ni da ita.

Ni malamin firamare ne, shekarata talatin da shida, ina da mata da 'ya'ya uku. Ƙauyenmu yana tsakanin Minjibir da Zakirai, ba zan faɗi sunansa ba. Mahaifina shi ne limamin garin, gidanmu gidan karatu ne tun kakanni, kuma shekara biyu ke nan tunda ƙafa da hawan jini suka matsa masa, ni nake jan salla duk ranar da bai iya fitowa ba. Ba don alfahari na faɗa ba, na faɗa ne don ku san wane ne ake so ya miƙe a gaban mutane ya ce shi ne.

Abin ya samo asali ne tun ina kwalejin horon malamai a birni. Akwai wanda muke ɗaki ɗaya da shi, in zai yi karatu sai ya kunna wani irin kiɗa a laftof, babu waƙa, babu ganga, babu mai magana. Wata rana na ce masa, kai wannan wane irin abu ne sai ka ce ana zaman makoki? Ya yi dariya ya juyo min da fuskar laftof ɗin. Mutane ne cike da dandali a zaune da baƙaƙen kaya, kowa da abin kiɗansa, wani dattijo a tsaye yana kaɗa musu wata siririyar sanda. Can sai duk suka yi ƙasa-ƙasa, wata mata ita kaɗai ta ɗora wani ɗan ƙaramin goge a kafaɗa ta ja. Jama'a, ban san abin da ya same ni ba. Tsigar jikina ta tashi, na ɗauki buta na fita kamar zan yi alwala don kar ya ga idona. Ni da ko a rasuwar kakata ban yi hawaye ba.

Tun daga ranar ban dawo daidai ba. Na tura irin waɗannan kaɗe-kaɗen a wayata, na cika memori da su. Shekara goma sha wani abu ina saurare, a kan mashin, a gona ina noma, a layin shan mai, iyafis na kunnena. Har na kai in aka kunna ɗaya na san inda sarewa za ta shigo, na san lokacin da manyan gogunan nan masu kaurin murya za su amsa wa ƙananan, na san inda za a yi shiru kamar an ɗauke wuta sannan a dawo gaba ɗaya. Mutanen garinmu kuwa suna zaton karatun Alƙur'ani nake ji, har iyaye suna ba 'ya'yansu misali da ni, wai ku dubi ɗan Liman ko a gona ba ya rabuwa da karatu. Ban taɓa cewa e ba, ban kuma taɓa cewa a'a ba.

Kafin wani ya fara, na san abin da aka ce a kan kiɗa. Na karanta, na ma karantar. Na san saɓanin, na san ɓangaren da Baba yake tsaye, kuma ba ɓangaren sassauci ba ne. Don haka wanda zai zo kwament ya jero min, ya huta don Allah, ba ita ce tambayata ba.

Shekara uku da suka wuce na shiga Sabon Gari sayen littattafan makaranta, sai na ga wani shago da ake sayar da kayan kiɗa, an rataye irin gogen matar nan, mai tsirkiya huɗu, wanda suke kira bayolin. Tsoho ne, har ya koɗe a gefe. Sau uku ina wuce shagon ina dawowa, mai shagon har ya fara kallona kamar ɓarawo. Ƙarshe dai na saya. Na cusa akwatinsa a buhun taki na ɗaure a bayan mashin, na kawo shi sito na makarantarmu na tura bayan karyayyun bencina, da yake makullin a hannuna yake. In an tashi kowa ya watse sai in kulle kaina a ciki, in jingine waya a taga ina kallon bidiyon masu koyarwa. Don kar a ji, sai na maƙala abin matse kayan shanya na roba guda biyu a kan jakin, wato ɗan katakon nan da tsirkiyoyin suke hawa, sai sautin ya koma kamar kukan sauro. Haka na yi shekara uku. Yatsuna suka yi kanta, wuyana ya riƙe, ƙarƙashin haɓata ya yi baƙin tabo, matata ta tambaya na ce reza ce. Shekara uku ina kaɗa abu ban taɓa jin ainihin muryarsa ba.

Wanda bai san yankinmu ba zai ce me ya hana ka shiga daji. Mu ba mu da daji. Gona ce ta haɗu da gona, gida bayan gida, in ka yi tari a gonarka na kusa da kai zai ce maka sannu. Duk inda ka tsaya akwai mai ganinka, sai dai da damina in dawa ta yi tsawo ta rufe mutum. Wuri ɗaya ne tak ba a zuwa. A bayan gari akwai tsohuwar marina, ramukan rini ne da aka daina aiki da su tun kafin a haife ni, da wata ƙatuwar tsamiya a kansu. Tun muna yara ake ja mana kunne kar mu bi ta wurin da tsakar rana, wai lokacin mutanen ɓoye ne. Daga sha biyu zuwa azahar ko akuya ba a ɗaurewa a wurin.

Ni kuma da ɗan karatuna sai na ce ai shi ke nan, na samu wuri. Har ina yaba wa kaina dabara! Wallahi tallahi ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa wurin da ake tsoro saboda aljanu, a daidai lokacin da ake cewa nasu ne, in aka ji goge yana tashi a can me za a ce. Kowa a ƙasar nan ya san da me ake kiran bori. Ni matar nan mai baƙaƙen kaya nake gani a raina, na manta a kunnen mutanenmu goge dai goge ne. Wannan wautar ita ta fi komai ci min rai.

Da aka yi dogon hutun nan, dawa ta kai, sai na fara. In mutane sun taso daga gona ni kuma sai in zagaya da buhuna kamar mai kai taki. Ranar farko da na cire abin shanyar nan na ja baka, wato sandar da ake goga wa tsirkiya, sai da na kusa sakin gogen don firgita, ashe haka muryarsa take, cikakkiya, tana shiga har haƙarƙarina. Na zauna a kan saiwar tsamiya na yi kuka kamar yaro. Ba zan yi muku ƙarya ba, tunda nake ban taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba.

Ba a yi sati biyu ba magana ta fara fita. Wata mai tallan nono ce ta fara ji, ta ce ba za ta ƙara biyo hanyar ba. Na ji ana hirar a majalisa bayan la'asar, wani ya ce ai mutanen tsamiya ne suke aurar da 'yarsu, aka yi dariya, ni ma na yi. A nan ya kamata in tsaya. Amma akwai wani kiɗa mai sanyi da na daɗe ina koya, kullum sai na yi tuntuɓe a wuri ɗaya can sama, na ce wa kaina kwana uku kawai in gama shi in bari.

Ranar wata Talata na gama shi. Daga farko har ƙarshe ban kuskure ko ɗaya ba. A daidai wannan lokacin, ban sani ba, Saude matar wani maƙwabcinmu Haruna ta makara da kai masa abinci gona, ta ce bari ta yanke ta bayan marina. Ta ji. Ta watsar da kwano ta kwasa a guje cikin kunyoyi, ta faɗi a kan cikinta. Ciki ne na wata biyar, shekararsu takwas da aure suna nema, sai wannan karon ya zauna. Kafin a kai ta asibiti ya zube. Ni kuwa na dawo gida ina murmushi ni kaɗai, matata tana ajiye min tuwo take ce min, Malam ka ji abin da ya sami Saude kuwa? Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san yadda na wanke hannu na tashi ba.

A nan sunan Iya Tabawa ya shigo. Tsohuwa ce ta haura saba'in, gidanta ne na ƙarshe ta bayan gari, gonarta ta yi iyaka da marinar. Mijinta marigayi mai goge ne, ita kuma ta yi bori a ƙuruciyarta. Shekara talatin ke nan suka tuba a hannun Baba, a zauren gidanmu, mijin ya taka gogensa da ƙafarsa a gaban mutane, ina ƙarami amma ban manta ƙarar fashewar ƙoƙon ba. Tun daga nan babu wanda ya ƙara jin wani abu a kanta. Ba ta da ɗa a raye, daddawa take yi tana sayarwa, kuma tana cikin tsofaffin matan da nake biya wa karatu ranar Asabar, ita ce take fara zuwa da 'yar tabarmarta. Amma da abin nan ya faru sai kowa ya tuna. Wa ya san goge a garin nan? Gonar wa ce a wurin? Shi ke nan fa.

Aka daina sayen daddawarta. In ta je bohol mata su janye bokitinsu su ba ta wuri, ba don girmamawa ba. Samari suka fara jifan kwanon ɗakinta. Ranar da aka sallamo Saude, Haruna ya ɗauko adda ya nufi gidan, sai da maza suka taru aka danne shi, yana kuka yana rantsuwa cewa wanda ya kaɗa gogen nan, mutum ne ko aljan, sai ya ga jininsa. Ina cikin waɗanda suka riƙe shi. Ni na riƙe hannun da addar take, ina ce masa Haruna ka ji tsoron Allah, ka yi haƙuri. Har yanzu ina jin ƙarfin hannun nan a tafina.

Ni dai tun ranar Talatar ban ƙara taɓa gogen ba, na mayar da shi sito. Na zaci in aka daina ji magana za ta mutu. Ashe ramin na ƙara haƙa mata. Sai aka ce kun gani ko, tunda aka je mata kiɗan ya tsaya, wace shaida kuma ake nema? In na koma na kaɗa, a ce ta yi taurin kai ta ci gaba. Na yi shiru, an ce ita ce. Ta ko'ina na juya kanta abin yake faɗawa.

Ranar Lahadin da ta wuce aka zauna a zauren dagaci. Dangin Haruna suka ce lallai ta bar garin. Baba ya ƙi, aka yi ta sa-in-sa, har wani kawun Haruna ya ce masa ai dama shi ya tsaya mata tun farko shi ya sa yake kare ta. Baba ya ce shi dai ba a hukunci da zato, a ba ta Alƙur'ani ta rantse. Ni aka ce in ɗauko. Ni na riƙe mata. Ta yi alwala ta zo ta ɗora hannu, ta rantse cewa tun ranar da ta tuba ba ta taɓa goge ba, ba ta sa an kaɗa ba, ba ta kira kowa ba, ba ta koma ga abin da ta bari ba. Na ji wani sanyi, na ce Allah ya kawo ƙarshen abin. Sai kawun nan ya ce saura ɗaya, ta rantse ba ta san mai kaɗawa ba.

Iya ta janye hannunta a hankali. Ta ce, "Wannan kam ba zan rantse ba."

Zaure ya kaure. Aka yi juyin duniya ta faɗi ko wane ne, ta ce ita dai ta faɗi abin da za ta faɗa. Ina tsaye a gabanta, tazarar da ke tsakaninmu ba ta fi kamu biyu ba, Littafin Allah a hannuna, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta dube ni ba. Baba ya sunkuyar da kai, na ga abin ya yi masa ciwo, don ya gama tsaya mata ta kwance masa zani. Aka yanke cewa an ba ta zuwa Juma'a, in ta faɗi suna to, in ba ta faɗa ba ta tattara ta bar gari. Ina za ta? Wani ɗan ƙanen mijinta ne aka ce yana Bacirawa can cikin birni, rabonta da shi an yi shekaru. Geronta yana gona ya kusa isa yanka. Kuma da yake muryar Baba ba ta fita sosai yanzu, dagaci ya ce ni zan sanar da hukuncin bayan sallar Juma'a.

Jiya da hantsi Baba ya kira ni ya ce in je in lallashe ta, tunda ɗalibata ce wataƙila ta ji nauyina. Ya ce, "Ka ce mata in tsoron wani take yi, ni na ɗauke mata. Ko ɗan waye a garin nan ta faɗa." Ko ɗan waye. Na ce to Baba.

Na same ta a tsakar gida tana ɗaure tukwanenta da tsumma, ta riga ta fara shiri. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ta ce Malam ƙarami ne da hantsin nan, ta turo min tabarma. Na zauna, ban ma kai ga faɗin saƙon Baba ba. Ta dube ni ta dube ni, sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan ƙullin tsumma da ya yi baƙi don tsufa ta ajiye a gabana. Na kwance, sai ga dunƙulen ƙaro, irin wanda masu goge suke shafa wa baka don ya kama tsirkiya.

Ta ce, "Na marigayi ne. Gogen ya fasa, wannan na ɓoye. Naka ya ƙare ko? Bakanka ya bushe, shi ya sa yake maka gurnani in ka hau sama."

Jama'a, ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba. Nawa kuwa ya ƙare, wanda ya zo a cikin akwatin, na kanƙare shi har katako. Na ce Iya tun yaushe? Ta ce tun ranar farko. Tana cire ciyawa a gonarta ta ji, ita ma gabanta ya faɗi, ta fara neman tsari, sai ta ji an yi kuskure an tsaya an koma farko. Ta ce, "Aljani ba ya kuskure ya sake daga farko. Na ce wannan ɗan koyo ne." Ta lallaɓo ta cikin dawa ta leƙa ta gan ni, ido a rufe, hulata a ƙasa. Daga ranar kullum sai ta zo ta zauna a bayan kunya da fartanyarta har in gama. Ta ce shekara talatin ba ta ji an ja baka ba, kuma irin nawa ba na kiran kowa ba ne, ita ta san na kira, wannan na zaman mutum shi kaɗai ne. Har ranar Talatar tana nan. Ta ce, "Ranar kam ba ka yi tuntuɓe ba, na ce yau yaron nan ya haye. Ihun yarinyar ne ban ji ba, kunnen ya tsufa."

Na ce to Iya me ya sa ba ki faɗa ba, ga shi za a kore ki? Ta ce ubana ne ya karɓe ta lokacin da ko sallamarta ba a amsawa a garin nan. In ta faɗa Haruna zai sare ni, uban kuma baƙin ciki ya ƙarasa shi, ita me ta samu? Ta ce ƙarya ce dai ba za ta yi a kan Alƙur'ani ba, shi ya sa ta janye hannu, kuma ni na koya mata surorin da take salla da su, ba za ta saka min da wannan ba. Na fashe da kuka na ce wallahi Iya zan faɗa, zan miƙe in faɗa. Ta kalle ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Kar ka yi rantsuwa, Malam ƙarami. Je ka gida ka sha ruwa." Na koma na ce wa Baba ta ƙi magana. Ƙarya ta nawa ke nan, na daina ƙirgawa.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Ina tsoron addar Haruna, in na rufe ido ita nake gani. Ina tsoron Baba ya yanke jiki ya faɗi a gaban mutane, a ce ɗansa ne ya kashe shi. Ina tsoron mutanen da suka yi shekara biyu suna bin bayana salla, da iyayen da suke ba da misali da ni, da abin da za a dinga kiran 'ya'yana da shi a makaranta. Ina tsoron haɗa ido da Saude. Matata ba ta san komai ba, tana ganin na rame na daina cin abinci, jiya har ta jiƙa min rubutu wai ko iskar wurin ce ta shafe ni. Amma abin da ya fi duk waɗannan firgita ni shi ne na san halina. Sati uku ke nan ina shiru. Na riƙe Haruna na yi shiru, na riƙe Alƙur'ani na yi shiru. Ina tsoron Juma'ar ta zo in miƙe in karanta abin da aka ce in karanta, in dawo gida in ci abinci.

Na yi tunanin in gudu birni in turo saƙo ta waya, amma in bar Baba da matata da yara a hannun wa? Na yi tunanin in jefa gogen a ramin marina a tsinta, sai na ga ai cewa za a yi nata ne. Kuma ga wani abin da ya hana ni sukuni tun jiya: ko na miƙe na ce ni ne, ba lallai a yarda ba. Wa ya taɓa ganina da goge? Cewa za su yi tsohuwar ta juya min kai, ta sa ɗan Liman ya ɗauki laifinta, abin ya ƙara yi mata muni. Hanya ɗaya ce za su gaskata, in ɗauko shi daga sito in ɗora a kafaɗa in kaɗa musu abin da Saude ta ji, a gaban Haruna, a gaban mahaifina. Kuma kun san abin kunyar? Yanzu haka da nake rubutun nan yatsun hagu suna tafiya a kan cinyata su kaɗai.

Don Allah ku ba ni shawara, ba zagi ba, na zagi kaina ya isa. In fara samun Baba shi kaɗai gobe bayan asuba, ko hakan ne zai fi kayar da shi? In je wa dagaci tukuna, ya sa a tsare Haruna kafin a faɗa masa? Haruna shi da Saude, da wane baki ake zuwa a ce musu ni ne? Malaman da ke cikin zauren nan, me ke kaina game da cikin nan da ya zube, tunda ban yi da nufi ba amma an gargaɗe ni da jita-jita na ƙi bari? Akwai wata hanyar da Iya za ta zauna a ɗakinta ta yanki geronta ba tare da na tona kaina ba, ko dai ni nake yaudarar kaina don na san babu?

Ƙaron mijinta yana aljihuna, na kasa ajiye shi a ko'ina. Ita tana can tana ɗaure tukwane. Jibi in an sallame salla, ko na so ko na ƙi, ni za a miƙo wa lasifikar masallaci, garin gaba ɗaya yana zaune. Ku faɗa min abin da zan ce a cikinta.